Yadda Dona Ermelinda Ta Sallami Surukinta

Belmiro Tavares ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas tsakanin Fundão da Castelo Branco, kuma a duk tsawon shekarun nan surukarsa, Dona Ermelinda, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Direba take ce masa. Ita mai kantin magani ta so 'yarta Odete ta aura, wani mai farar riga da taushin hannu, sai yarinyar ta kwaso mata mai warin man mota. An yi biki, an ci an sha, amma tsohuwar ba ta huce ba. Shi ma bai taɓa ce mata Mama ba. Dona Ermelinda yake cewa, kai ka ce baƙo ne ya zo tambayar hanya.

Ni ce Zulmira, maƙwabciyarsu. Katangar da ta raba lambuna da nasu ba ta kai kafaɗata ba, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Tsohuwar ta dawo gidansu ne bayan ta zame a ƙarƙashin itacen zaitun ɗinta ta karya ƙugu, tana da shekara tamanin da uku. Wata uku aka ce za ta yi. Shekara ba ta zagayo ba sai Odete ta kwanta. Ciwon daji ne, bai kuma ja lokaci ba. Ba su taɓa haihuwa ba. Bayan an binne ta, kowa a ƙauyen ya ɗauka tsohuwar za ta tashi, domin tana da ɗa namiji a Faransa, har ya bugo waya ya ce zai nema mata wuri. Belmiro ya ce a bar ta. Ya ce Odete ba ta roƙe shi komai ba, kada wani ya ce alkawari ya ɗauka. Shi dai bai ga dalilin da zai sa a raba mutum da ɗakin da ya saba da tagarsa ba.

Haka suka zauna su biyu har shekara bakwai. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma kanta da bakinta lafiya lau. Wasu mata biyu daga cocinmu sukan zo da safe su yi mata wanka, sauran aikin duk nasa ne. Shi ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, sau shida ko bakwai a yini. Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba ya koyi miyar kabeji da dankali, tana zaune a bakin ƙofar kicin tana ba da umarni. Ya koyi jiƙa busasshen kifi kwana biyu kafin a dafa, ya koyi yanke farce, har taje gashi da tufke shi ya koya, ko da yake kullum tufkar a karkace take fitowa.

Faɗa kuwa ba ya yankewa. Daga lambuna nake jiyo su. Za ta ce ya yanka kabejin da kauri kamar na ba akuya, ya ce akuyar da ta ci ta ƙara faranti biyu ba ta da bakin magana. Za ta ce yana tura keken guragunta yadda yake tuƙa bas, shi ya sa fasinjoji suka yi murna da ya yi ritaya. Ya ce fasinjojinsa sukan sauka idan an kai tasha, ita ce kaɗai ta ƙi sauka. Idan na ji shiru ya yi yawa, leƙawa nake yi in ga ko lafiya.

Gidansu irin namu ne na nan, ɗakunan zama a sama, matakalar dutse a waje, hawa goma sha huɗu. Duk Lahadin da rana ta fito yakan sungume ta ya sauko da ita tsakar gida ta sha iska a gindin ɓaure, da yamma ya mayar da ita. Ni na fara lura da gwiwarsa. A kan titi ɗingishi yake yi, yana dafa bango, amma da ya iso ƙofar gida sai ya miƙe ya gyara tafiya. Na yi masa magana sau biyu, ya ce sanyi ne kawai.

Wata safiya ya tafi karɓo mata magani, mai raba wasiƙu ta miƙo mini wata takarda ta kan katanga, ni kuma na hau na kai. Sunansa ne a jiki. Dona Ermelinda ta ce duk wasiƙar da ta shigo gidan da take ciki tata ce, ta sa farce ta yage bakin, sai dai idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ta tilasta mini in karanta. Daga asibiti ne. Sun ce sau uku ke nan yana ɗage ranar da za a yi masa aikin sauya gwiwa, idan ya sake ɗagewa za su cire sunansa daga layi.

Tana ta shafa bargon da ke cinyarta. Daga baya ta tambaye ni tun yaushe yake ɗingishi, na ce ya fi shekara biyu. Ta ce ta sani, tana jin yadda numfashinsa ke ɗaukewa idan ya ɗaga ta, ta dai zaci tsufa ne. Sannan ta ce in mayar da takardar cikin ambulan in liƙe, in kuma samo mata lambar gidan kula da tsofaffi na cikin gari.

Na ce ba zan yi ba sai da saninsa.

"Maƙwabciya," in ji ta, "idan ya sani, zai ɗage na huɗu. Ni kuma ban shirya in kashe mijin Odete da nauyina ba. Je ki kawo lambar."

Na kawo. Shugabar gidan, wata mata mai suna Noémia, ta zo ranar Litinin, lokacin da Belmiro ya tafi kasuwar Fundão. Suka rufe ƙofa suka yi magana fiye da awa guda, ni ina tsaye a kan matakala ina gadin hanya kamar ɓarauniya. Aka sa sunanta a layi. Wata huɗu muka yi muna ɓoye masa, kuma ban taɓa jin nauyin wani sirri kamar wannan ba, don kullum sai ya miƙo mini ƙwai ko ɓaure ta kan katanga.

Da gado ya samu a gidan tsofaffin, sai ta ce in zo mu ci abincin rana tare. Ta bari ya zuba mana miya ya zauna, sannan ta ce masa ranar goma ga wata za ta koma gidan tsofaffi, an riga an gama komai.

Ya ajiye cokali. Ya dube ta, ya dube ni.

"Me na yi?" ya ce.

"Ba ka yi komai ba. Na gaji da miyarka ne."

"Shekara bakwai kina sha."

"Shi ya sa na gaji. Na sallame ka, direba. Ci abincinka kafin ya huce."

Bai ci ba. Ya tashi ya kwashe farantinsa, ya tsaya a gaban famfo yana wanke shi har ruwan ya fara cika wurin wanke-wanken.

Kwana uku suka biyo baya ba faɗa. Yana yi mata komai yadda ya saba, har ya fi, amma da ladabi: ga maganinki, Dona Ermelinda, in rufe tagar, Dona Ermelinda? Ta tsokane shi ta kowace hanya, ya ƙi tankawa. Ta gaya mini ta fi son ya zage ta.

A rana ta huɗu ya same ni ina cire ciyawa a cikin wake. Ya jingina da katanga ya tambaye ni ko da gaske abincin ne, ko kuwa ya taɓa ji mata ciwo wajen ɗagawa ta ɓoye masa. Na kasa daurewa, na gaya masa maganar wasiƙar. Ya yi fushi da ni sosai, ya ce gwiwarsa ce, ba ta gwamnati ba, ba ta ƙauye ba. Na bar shi ya gama. Sai ya zauna a bakin rijiya, ya miƙe ƙafar a hankali, karon farko da ya bari na ga yadda take yi masa.

"Zulmira," ya ce, "idan ta tafi, da wa zan riƙa maganar Odete? Ita kaɗai ta san yadda take dariya tun tana yarinya."

Na ce masa garin kilomita tara ne, ba Faransa ba. Ya ce ya sani, shi ya yi shekara talatin yana wucewa ta wurin.

Da yammar ranar ya hau sama, na ji muryarsa ta tashi, tata ma ta tashi. Yana cewa buɗe wasiƙar mutum laifi ne a doka, tana cewa to ya kira 'yan sanda su zo su ɗauke ta, su ma su ji abin da gwiwarsa ke ji. Na ci gaba da cire ciyawata hankali kwance.

Ranar tafiya kayanta ba su cika bayan mota ba: akwati ɗaya, matashin kanta, rediyo, hoton Odete ranar da ta gama makaranta, da tukunyar ɗoɗɗoya da ke kan tagarta. Ma'aikatan gidan sun zo da kujera mai maɗauri don su sauko da ita, Belmiro ya ce a'a. Shi ya sungume ta, hawa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana cije leɓe, ita kuma ta riƙe wuyan rigarsa har ƙasa. A aljihunsa akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya cika shafi tara da bayani: ba ta shan madara da zafi, ƙafar hagu ake fara sa wa safa, idan ta ce ba ta jin sanyi ƙarya take yi.

A ofis Noémia tana cike takardu, ta zo kan wanda za a kira idan wani abu ya taso. Ta tambayi Belmiro mene ne dangantakarsu. Ya buɗe baki zai ce suruki, tsohuwar ta riga shi.

"Rubuta ɗa," ta ce. "Wancan na Faransa, rubuta shi a layi na biyu."

Belmiro ya juya yana kallon kalandar bango. Ita kuma ta ƙara da cewa a rubuta kuma ba ya iya tufke gashi, kada a bar shi ya taɓa mata kai a nan.

Makonnin farko sun fi yi masa wuya fiye da ita. Ita cikin kwana goma ta san sunan kowa, ta san wace ce mijinta ya gudu Brazil, ta kuma shirya da mai dafa abinci. Kukanta biyu ne kawai: ana tashin mutane da wuri, kuma abokiyar ɗakinta, wata Dona Palmira, kurma ce, ba a jin daɗin gulma da ita. Shi kuwa ƙarfe takwas na safe yana bakin ƙofar gidan, ba ya tafiya sai an fara rufe labule. Yana bin ma'aikata da littafinsa yana gyara musu aiki. Wata yarinya ta sa safar dama kafin ta hagu, ya kusa sa ta kuka.

Noémia ta kira shi ofis. Ya ɗauka korarsa za ta yi, ya shiga da shirin gardama. Sai ta tambaye shi me ya ci jiya. Ya ce burodi da cuku. Shekaranjiya fa? Burodi da cuku. Gaskiyar ita ce tun da tsohuwar ta tafi bai kunna murhu ba, ya ce dafa wa mutum ɗaya ɓata gas ne. Bel ɗinsa ya ƙara rami biyu. Yakan farka a daidai lokutan da ya saba juya ta, ya tsaya a ƙofar ɗakin da babu kowa.

Ta gaya masa ta ga irinsa da yawa, mata da maza, waɗanda suka kawo nasu sannan suka rasa inda za su sa kansu. Ta ce duk Laraba biyu suna haɗuwa a ƙaramin falo, su sha kofi su yi hira. Ya ce shi ba mai zama cikin mata ana koke-koke ba ne. Dona Ermelinda ta ji labari, ta ce idan bai je ba za ta sa a hana shi shiga ɗakinta. Ya je. Da ya dawo ya ce mini yadda ya zata haka ne, kuka kawai ake yi. Na tambaye shi ko shi ma ya yi, ya ce akwai wani tsohon makiyayi da ya ba da labarin matarsa, kuma ɗakin ba iska. Tun daga nan bai taɓa fashin Laraba ba.

An yi masa aikin a watan Oktoba. Ni na raka shi, ni na zauna a benci har aka fito da shi. Damuwata ita ce bayan sallama, don ba mai hawa matakala goma sha huɗu da sabuwar gwiwa, ni kuma kafaɗata ba za ta tallafi namiji ba. Ashe an riga an warware wannan tun ranar Litinin ɗin da na yi gadi. Gidan yana da gadaje biyu na masu jinya na ɗan lokaci, kuma sharaɗin da tsohuwar ta kafa wa Noémia ke nan kafin ta sa hannu: idan an yanka direban, a ajiye masa ɗaya.

Sati uku ya yi a can, a ɓangaren maza, ƙofa shida tsakaninsa da ita. Kowace safiya bayan karin kumallo sai ta sa a turo ta ɗakinsa. Ta kan duba ko ya sha magani, ta ɗaga bargo ta ga kumburin, ta yi wa ma'aikata bayanin cewa ba ya son a cika masa sukari kuma idan ya ce ba ya jin zafi kada a yarda. Idan mai gasa ƙashi ta zo ta sa shi tafiya da sanduna a baranda, tsohuwar na gefe tana ƙirga masa taku da ƙarfi, tana cewa ta ga kunkuru da ya fi shi sauri. Shi kuma ya ce ta sauko daga keken su yi tsere. Sauran tsofaffin har kujeru suke jawowa su kalla.

Wata rana na kai masa ziyara na tarar aikin ya ba shi wuya, ya kwanta ya juya fuska bango, ya ƙi abincin rana. Tana zaune kusa da gadon da lemo a cinya. Hannuwanta rawa suke yi, yatsun sun lanƙwashe, amma ta ƙi in taya ta. Ta fi minti goma sha biyar tana ɓare lemon nan, ruwan yana zuba a kan bargonta. Da ta gama ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Juyo, ka ci. Odete ma haka take yi idan ta yi zazzaɓi, ta juya wa mutane baya. Lemo kaɗai take karɓa."

Ya juyo. Ta riƙa miƙa masa ɓari ɗaya ɗaya, yana ci, tana ba shi labarin lokacin da Odete ta yi ƙyanda tana 'yar shekara shida ta ce sai an kawo mata ɗan akuya kan gado. Bai taɓa jin wannan labarin ba. Na fita na ba su wuri.

Da aka sallame shi ya koma gida, sai ta yanka masa ranaku: Talata, Juma'a da Lahadi, daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Ya ce ba kurkuku ba ne da za a sa masa lokacin ziyara. Ta ce tana da harkokinta, akwai karta ranar Litinin, akwai mai gyaran gashi ranar Alhamis, ba za ta zauna tana renonsa ba. Ya yi gunaguni, amma ya bi. Ya koma dafa abinci, yakan ɗebi rabi ya kai wa makiyayin nan na ranar Laraba. Ya gyara rumfar inabinsa da ta yi shekara biyar a karye.

Da bazara ta shigo ta fara matsa masa a kan ƙanwarsa da ke Figueira da Foz a bakin teku, wadda rabonsa da ita tun jana'izar Odete. Ya kawo dalilai iri iri: kaji, lambu, Talata da Juma'a. Ni na karɓi kajin da lambun. Ta ce Talata da Juma'a kuma ta yafe. Ya tafi a bas, a kujerar gaba, kuma ƙanwar ta gaya mini daga baya cewa tun daga saukarsa yake kushe yadda direban ke shan kwana.

Ranar Lahadin makon ni na je wurinta a madadinsa. Muna zaune a ɗakinta waya ta yi ƙara, Belmiro ne, na kara mata a kunne. Ina jiyo iska da hayaniyar ruwa ta cikin wayar. Ta ce ya kira a daidai lokacin da ake kawo shayi, ya yi sauri. Sannan ta tambaye shi me ya ci, nawa ne girman kifin, ko ƙanwar ta tsufa, ko ya sa hula, ko ya taka ruwan. Ya ce ya taka, har gwiwa. Ta ce sabuwar gwiwar da aka sha wahala a kanta ita zai kai wa ruwan gishiri ta yi tsatsa. Shayin ya huce a kan tebur, hannuna ya gaji na sauya, ba su gama ba sai bayan minti arba'in.

Da na ajiye wayar, ta juya wurin Dona Palmira da ke ɗaya gadon.

"Surukina ne. Yana bakin teku."

Dona Palmira ta kara hannu a kunne. Ta maimaita mata. Ba ta ji ba. A karo na uku ta ɗaga murya yadda har ma'aikaciyar da ke tura keken shayi a baranda ta leƙo ta ce a gaishe shi.